Darasin Kimiyya: Zanen Kan Titi da Lissafin da Ya Haife Shi

Kowa ya fito da littafin rubutunsa da rula, don yau akwai ɗan lissafi. Darasinmu a kan zanen da ake yi da fenti a bisa kwalta ne: dogon layi, tsinkakken layi, kibiyoyi, da wurin da masu tafiya a ƙasa ke tsallaka titi. Abu biyu nake so ku fita da su daga ajin nan. Ku iya duban kowane zane ku faɗi abin da ya umarci direba, sannan ku iya kawo dalilin da ya sa aka zana shi a daidai wannan wuri. Na biyun ya fi mini muhimmanci. Wanda ya haddace ma'anar layi zai ci jarrabawar lasisi, amma wanda ya san dalilinsa ne kaɗai zai iya tuƙi lafiya a titin da fentinsa ya goge, kuma kun san irin wannan titin ba ya wuyar samu a wajenmu.

Mataki na farko: asalin zanen

Lokacin da ake tafiya a kan jaki da doki da amalanke, babu wanda ya nemi a ja masa layi, domin dabba tana hango 'yar'uwarta ta kauce, kuma gudunta bai taka kara ya karya ba. Mota ce ta zo da matsalar. A shekarar 1911 aka fara jan farin layi a tsakiyar titi a gundumar Wayne ta jihar Michigan a Amurka, bisa shawarar wani jami'in hukumar hanyoyi mai suna Edward Hines. Daga nan kowace ƙasa ta shiga yin nata, har abin ya zama ruɗani ga mai ƙetare iyaka da mota. Wannan ya sa a 1968 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana na ƙasar Austiriya don a daidaita alamomi da zanen hanya tsakanin ƙasashe.

Akwai kwanan wata guda da ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ta gaji tuƙi a hannun hagu daga Ingila, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 ta koma hannun dama, ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Gana ta biyo baya a 1974. Saboda haka duk abin da zan faɗa yau ku ɗora shi a kan wannan: kana tafiya a dama, mai tahowa yana hagunka, kuma ta hagu ake wuce mota. Idan kun ga littafin koyon tuƙi da aka buga a Ingila, hotunansa a juye suke a gare mu, ku yi hattara da su.

Mataki na biyu: me ya sa layi yake haske da dare?

A rufe tagogi. Ga tocila, ga madubi, ga farar takarda, ga kuma tsiri mai ƙyalli irin na rigar masu aikin titi. Na jera su a jikin allo. Mutum ɗaya ya koma ƙarshen aji, ya riƙe tocilar kusa da kumatunsa ya haska su, wani kuma ya tsaya can gefe kusa da ƙofa.

Me kuka gani? Madubin, tunda na ɗan karkata shi, ya wurga hasken zuwa rufi, mai tocila bai ga komai a cikinsa ba. Takardar ta yi fari-fari ga kowa, da mai tocila da na bakin ƙofa, amma ba ta da ƙarfi, domin ta watsa hasken ko'ina. Tsirin kuwa ya yi wal a idon mai tocila, alhali na bakin ƙofa yana ganinsa dishi-dishi. Ku rubuta: haske yana dawowa daga jikin abu ta hanya uku. Ko ya yi tsalle ya wuce gaba kamar a madubi, ko ya watsu kamar a takarda, ko ya koma inda ya fito. Na ukun shi masu zanen titi ke nema, saboda fitilar mota da idon direba kusan wuri ɗaya suke.

Yadda ake samun haka shi ne da ƙwayoyin gilashi, mulmulallu, waɗanda ba su fi ƙwayar yashi ba. Ana barbaɗa su a kan fentin tun bai bushe ba, sai kamar rabin kowace ƙwaya ya nutse, rabi ya rage a waje. Hasken fitila ya shiga ƙwayar, ya lanƙwasa, ya bugi fentin da ke bayanta, ya dawo ta hanyar da ya zo. A manyan hanyoyi ma abin da ake shimfiɗawa ya fi fentin gida kauri: wani haɗi ne mai kama da roba da ake narkawa a zafin da ya kai kusan digiri 200 a ma'aunin Selshiyos, a zuba, ya daskare cikin mintuna kaɗan. Idan kun taɓa ganin masu zanen titi suna tura wata na'ura mai tukunya da wuta a ƙarƙashinta, aikin da take yi ke nan.

Idon kyanwa ma haka yake. Akwai wani shimfiɗi a can cikin idonta mai mayar da haske, shi ya sa yake walƙiya idan an haska ta da dare, haka na akuya. A 1934 wani Bature ɗan Halifax a Ingila, Percy Shaw, ya yi rajistar wata 'yar na'ura da ake dasawa a tsakiyar titi, gilasai ne a cikin roba, aka sa mata suna idon kyanwa. Dabarar da ta fi burge ni a cikinta ita ce, duk motar da ta taka ta sai robar ta lotsa ta goge gilasan da ruwan saman da ya taru a gindinta.

Yanzu ga abin da ya shafi direba. Da damina, idan ruwa ya kwanta a kan kwalta, yana rufe ƙwayoyin gilashin, titin ya zama madubi. Hasken fitilarka sai ya yi gaba ya bar ka cikin duhu, na mai tahowa kuma ya faɗo maka a ido. Layin da kake gani sarai jiya, yau ya ɓace, ba don an goge shi ba. Da rani kuma ƙura da yashi ne ke binne shi, musamman a hanyoyin da ke kusa da hamada. Maganin duka biyun ɗaya ne, a rage gudu. Masu babur su ƙara da wannan: jiƙaƙƙen fenti ya fi jiƙaƙƙiyar kwalta santsi, kada a danna birki da ƙarfi ko a kwanta kwana taya tana kan layi.

A buɗe tagogin.

Mataki na uku: mita nawa a daƙiƙa ɗaya?

Agogon mota yana ba ka gudu a kilomita cikin awa, amma haɗari a cikin daƙiƙa yake faruwa. Don haka sai mun juya lissafin. Ƙa'idar ita ce a raba gudun da 3.6. Ku gwada: kilomita 50 a awa ya zama kusan mita 14 a daƙiƙa, 80 ya zama mita 22, 100 ya zama kusan mita 28. Na zaɓi waɗannan uku ne da gangan, domin su ne iyakar gudun ƙaramar motar gida a dokar hanya ta Najeriya: 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

Tsayar da mota kashi biyu ne. Akwai lokacin da ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta bar totur ta hau birki. Mu ɗauka daƙiƙa ɗaya da rabi, ko da yake na mai gajiya ko mai duba waya ya wuce haka. A wannan lokacin motar ba ta rage komai ba. Sai kashi na biyu, nisan da za ta ci bayan birki ya kama. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, lissafin yana ba da kimanin haka. A gudun 50: mita 21 na tunani, mita 14 na birki, jimla 35. A gudun 80: mita 33 da mita 36, jimla 69. A gudun 100: mita 42 da mita 56, jimla 98.

Ku dubi nisan birki da kyau. Daga 50 zuwa 100 gudu ya ninka sau biyu, amma nisan birki ya tashi daga 14 zuwa 56, wato sau huɗu. Dalili shi ne ƙarfin motsin da birki zai cinye yana tafiya ne da gudun da aka ninka da kansa. Wannan ƙa'ida ɗaya ita ce uwar kusan duk zanen da za mu karanta nan gaba.

Tambaya: a ganinku, guntun layi ɗaya na tsakiyar babbar hanya tsawonsa nawa? Na ji wani ya ce taku biyu, wani ya ce mita ɗaya. A Amurka mita 3 ne, da tazarar mita 9 tsakaninsa da na gaba. A Faransa mita 3 ne da tazarar mita 10. Wato guntun da kuke raina wa tsawo ya kusa kai ƙaramar mota. Gudu da kallon abu daga kwance ne ke gajarta shi a ido, kuma wannan ruɗin ne ke sa sabon direba ya ɗauka ya bar isasshiyar tazara alhali yana manne da motar gaba. Ku riƙa amfani da layin a matsayin ma'auni: da motar gaba ta wuce wani guntu, ka ƙirga daƙiƙa biyu, idan ka iso guntun kafin ka gama, ka matse ta. Da ruwan sama a mayar da shi huɗu.

Mataki na huɗu: layukan da ke bin tsawon titi

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan za mu daɗe.

Tsinkakken layi, wato mai gutsure-gutsure, yana raba hannu biyu ko sahu biyu, kuma ya halatta a ƙetare shi don wuce mota ko sauya sahu. Izinin da ya bayar yana da sharaɗi. Abin da yake faɗa shi ne a nan titin ya miƙe har ana iya hangen nesa. Bai san ko akwai mota tafe ba, wannan aikin idonka ne. Kafin ka fita, madubi, sai sigina, sai waiwaye kaɗan ta kafaɗar hagu saboda wurin da madubi ba ya nunawa, inda ɗan acaɓa ya fi son maƙalewa.

Dogon layi wanda bai tsinke ba, ka ɗauke shi katanga. Ba a ƙetare shi, ba a hawa kansa, ba a juya mota a kansa. Idan biyu ne a jere, hanin ya hau kan kowane ɓangare da ƙarin ƙarfi. Idan kuwa aka haɗa dogo da tsinkakke gefe da gefe, wanda ke kusa da kai shi ne naka: tsinkakken na gefenka, kana iya wucewa, dogon na gefenka, ka haƙura, ko da kana ganin masu tahowa suna wuce junansu. Ba son kai aka yi musu ba. Su sun riga sun fito daga kwanar da ta sa aka ja layin, gabansu a buɗe yake, kai kuwa yanzu za ka shige ta.

To, wa ya yanke cewa daga nan zuwa can layi zai zama dogo? Mu yi lissafinsa a allo. Kana tafiya a gudun 80, a gabanka akwai tirela tana yin 60. Bambancinku kilomita 20 a awa, wato kusan mita 5.6 a daƙiƙa. Kafin ka gama wuce ta, sai ka cinye tazarar da ke tsakaninku, mu ce mita 20, da tsawon tirelar, mu ce mita 16, da tsawon motarka mita 4, da wata tazarar mita 20 a gabanta kafin ka dawo hannunka. Jimla mita 60. A raba 60 da 5.6, an sami kusan daƙiƙa 11. Daƙiƙa 11 ke nan kana hannun da ba naka ba. A cikinsu motarka ta ci mita 240 da ɗoriya. Mai tahowa ma a gudun 80 ya ci irin wannan. A haɗa: kusan rabin kilomita.

Ku ja layi a ƙarƙashin wannan amsa. Don ka wuce tirela ɗaya lafiya, kana buƙatar ka ga titi fayau babu kowa har kusan mita 500, kuma wannan idan mai tahowa yana bin doka ke nan. Injiniyan da ya tsara hanyar ya auna, wuri bayan wuri, iya nisan da idon direba zaune a kujerarsa zai iya kaiwa. Duk inda nisan gani ya gaza nisan da wucewa ke buƙata, sai ya sa a ja dogon layi. Shi ya sa za ku same shi a kwana, da gab da ƙolin hawa, da kan gada, da kusa da mararraba, da mahaɗar titi da layin dogo. Ku tuna wuri irin Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos: ga hawa, ga kwana, ga manyan motoci suna jan jiki da kyar. Babu inda zuciya ta fi raya wa direba ya wuce, kuma babu inda yake ganin gabansa kaɗan kamar nan.

Wani zai ce, Malam, ai direbobin haya suna yi kullum kuma suna isa gida. Gaskiya ne suna yi. Wanda ya fita a makauniyar kwana sau ɗari ya tarar babu kowa, sa'a ya yi sau ɗari, domin babu gwanintar da ke sa ido ya huda dutse. Ranar da aka yi taho-mu-gama, motoci biyu masu gudun 80 suna cinye tazarar da ke tsakaninsu da mita 44 a kowace daƙiƙa. Idan sun hango juna a mita 60, kafin ƙafar kowannensu ta kai birki an gama. A ra'ayina, makarantar tuƙin da ta koya wa ɗalibi sa giya da ribas ba ta zaunar da shi ta yi masa wannan lissafi ba, rabin aiki ta yi.

Titin kirki ba ya jefa maka dogon layi ba zato. Kafin ka kai gare shi, guntayen sukan ƙara tsawo, tazararsu ta ragu. A tsarin Faransa, wanda masu karatun tuƙi da Faransanci suka saba da shi, akan zana lanƙwasassun kibiyoyi guda uku a jere a tsakiyar titi suna nuna dama. Ma'anarsu ita ce idan kana waje ka koma hannunka, idan ba ka fita ba kada ka fara.

Layin gefe kuma yana nuna inda kwaltar tafiya ta ƙare, kafaɗar titi ta fara. Amfaninsa ya fi fitowa da dare: idan mai tahowa ya ƙi rage fitila, kada ka kalle shi, mayar da idonka kan layin gefen dama ka bi shi har ya wuce. Kafaɗar titi ta motar da ta lalace ce da masu tafiya a ƙasa. Masu bin ta don su tsere wa cunkoso su ne ke toshe hanyar motar asibiti.

Maganar launi ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A Amurka ruwan ɗorawa ne ke raba masu tafiya da masu tahowa, fari kuma yana raba sahun da ke tafiya wuri ɗaya. A Ingila fari ne a tsakiya, ruwan ɗorawa a bakin titi yana hana fakin. A Faransa ruwan ɗorawa a tsakiyar titi alamar zanen wucin gadi ne inda ake gyara. A titunanmu za ku ga fari, ku ga ruwan ɗorawa. Fara duba siffar layin tukuna, dogo ne ko tsinkakke, domin hukuncinta ba ya canzawa da launi.

Mataki na biyar: layukan da suka gitta titi

Farin layi mai kauri da ya gitta sahunka a bakin danja ko alamar tsayawa, shi ne layin tsayawa. Hancin mota ne zai tsaya a bayansa, kuma tsayawa cak, taya ta daina juyawa. An ja shi baya kaɗan daga mahaɗa saboda dalili biyu: a bar wa masu tsallakawa wuri, kuma a bar wa doguwar mota filin shan kwana, tunda tayoyinta na baya suna yanke hanya ta ciki.

Idan layin da ya gitta tsinkakke ne, sau da yawa da zanen kusurwa uku a gabansa, umarninsa shi ne ba da hanya. Za ka rage gudu ka duba. In babu kowa ka shige, in akwai ka tsaya. Shi ne ke bakin shataletale, inda wanda ya riga ya shiga, mai fitowa ta hagunka, yake da hanya.

Sai zanen jakin dawa, fararen faffaɗan layuka da aka jera don masu tafiya a ƙasa. An fara amfani da shi a hukumance a garin Slough na Ingila ranar 31 ga Oktoba 1951. Da zarar mutum ya sa ƙafa a kansa, hanya tasa ce. A nan ne al'adar tuƙinmu ta fi rauni, domin yawanci mai tafiya a ƙasa ne ke gudu, mota tana masa hon. Mu auna. Faɗin titi mai hannu biyu kusan mita 7.3 ne. Lafiyayyen mutum yana tafiyar kusan mita 1.2 a daƙiƙa, wato yana buƙatar daƙiƙa 6 ya ƙetare. Tsohuwa mai sanda ko mai goyo riƙe da yaro za su fi haka. A daƙiƙa 6 motar da ke gudun 50 ta ci sama da mita 80. Mai tsallakawa ba shi da agogon da zai auna gudunka, kai ne kake da birki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ta kuma ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau 4.5 idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Kilomita 15 kacal, abin da direba ba ya ko ji a ƙafarsa.

Doka biyu ke rataye da wannan zane: ba a fakin a kansa ko dab da shi, kuma ba a wuce motar da ta tsaya a bakinsa. Dalilin duka biyun shi ne motar da ke tsaye tana ɓoye mutum. Idan ka ga a-daidaita-sahu ko bas ta tsaya a sahun da ke gefenka a bakin zanen, ka ɗauka akwai yaro a gabanta har sai idonka ya tabbatar babu.

A wasu manyan mahaɗu za ku ga akwatin ruwan ɗorawa mai layuka gicciye a tsakiya. Ba a shiga cikinsa sai an ga wurin fita a ɗaya ɓangaren, ko da danja ta ba da kore. Mota ɗaya da ta maƙale a nan ta isa ta kulle hanyoyi huɗu.

Mataki na shida: kibiyoyi da rubutu

Kibiyar da ke cikin sahu tana gaya maka inda sahun zai kai ka: miƙe, hagu, dama, ko biyu daga ciki. Ana zana ta tun da nisa don ka zaɓi sahu da wuri. Idan ka tsinci kanka a sahun masu shan kwana alhali miƙewa za ka yi, bi kibiyar ka je ka zagayo. Idan kuka tsaya kusa da irin wannan kibiya ko rubutun da ke kan kwalta, za ku ga an ja su sun yi tsawo fiye da kima. Da gangan ne: direba daga kwance yake hango su, sai tsawon ya taƙaita a idonsa su fito daidai. Ku gwada a gida, ku rubuta dogayen haruffa a takarda, ku ɗaga ta daidai ido ku kalle ta daga gefenta.

Wurin da aka cika da karkatattun layuka, kamar inda hanya ta rabu biyu ko gaban ginshiƙin gadar sama, ba a shiga. An bar shi ne ya raba motoci da abin da za su iya buga. Akwai kuma sahun da aka keɓe wa wasu motoci, kamar na manyan bas-bas da Legas ta buɗe a 2008.

Idan umarni ya ci karo

Wani lokaci zane ya ce kaza, danja ta ce kaza, jami'i kuma ya ɗaga hannu. Jami'in da ke ba da hannu shi ne a sama, ko ɗan sanda ne, ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, ko na hukumar jiha irin KAROTA a Kano. Bayansa danja, sai alamar da ke kan allo, sai zanen ƙasa. Haka kuma idan mota ta lalace ta tare hannunka a inda layi yake dogo, za ka iya ratse ta a hankali bayan ka tabbatar babu mai tahowa. Motar da ke tafiya a hankali ba ta shiga wannan uzuri ba. Keta zanen titi laifi ne mai zaman kansa a jerin laifukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma akwai tara a kansa.

Inda fenti ya goge gaba ɗaya, sai ka zama injiniyan kanka. Ka raba titin biyu da ido ka riƙe dama. Kafin ka wuce kowace mota ka tambayi kanka ko kana ganin rabin kilomita a gabanka. In ba ka gani, dogon layi na nan ko ba a zana shi ba.

Aikin aji da na gida

Yanzu za mu fita fili da tef ɗin awo. Rukuni na farko ya auna mita 35 ya kafa dutse, na biyu ya auna mita 69, na uku mita 98, kowa ya tsaya a farkon awon ya dubi nisan da idonsa.

Na gida guda uku ne. Na ɗaya, mota tana gudun 60: mita nawa take ci a daƙiƙa, kuma mita nawa za ta ci a daƙiƙa 3 da direba ya yi yana duba waya? Na biyu, a sake lissafin wuce tirela, amma a wannan karon tirelar tana yin 70, kai kana 80. A faɗi daƙiƙa nawa za ka yi a hannun da ba naka ba. Na uku, kowa ya zaɓi titi ɗaya a unguwarsu, ya tsaya a gefe nesa da kwalta, ya zana duk layukan da ya gani, ya rubuta dalilin kowanne, ya kuma nuna wurin da ya kamata a ce akwai zane amma babu. Waɗanda suka cika shekara 18 suka fara koyon tuƙi, kada ku hau titi sai da takardar izinin koyo, da alamar lana gaba da baya, da direba mai lasisi a gefenku. A kawo aikin ranar Litinin, daga nan za mu shiga darasin taya da birki.